Wasa Biyar Kan Tofa Wa Alƙali Yawu: Nazarin Rikicin Toronto na 1996

A daren Juma'a, 27 ga Satumba 1996, a filin SkyDome da ke Toronto a ƙasar Kanada, wani ɗan wasan besbol na ƙungiyar Baltimore Orioles ya tofa wa alƙalin wasa yawu a fuska, kyamara tana ɗauka. Hukuncin da aka yanke masa shi ne dakatarwar wasa biyar. Wannan hukunci ya kusa tsayar da wasannin neman kambu na shekarar, ya kai shugabannin besbol gaban kotun tarayyar Amurka, kuma mutanen biyu ba su yi magana ta fatar baki da zuciya ɗaya ba sai bayan kusan shekara uku.

A cikin rubutun nan zan riƙa cewa ɗan wasan da alƙalin kawai, ba tare da kiran suna ba. Akwai rasuwar yara a cikin labarin, kuma abin da nake bi shi ne yadda aka tafiyar da matsalar.

Yadda gardama take a besbol

Mai jifa yana tsayawa tazarar ƙafa 60 da inci 6, kimanin mita 18, daga wata farar faranti da aka kafa a ƙasa, faɗinta inci 17. Mai bugu yana gefenta riƙe da kulki. Bayansa akwai mai cafe ƙwallo a tsugune, bayan mai cafewa kuma alƙali. Idan aka jefo ƙwallo mai bugu bai kai mata kulki ba, alƙali ne zai ce ta bi ta saman faranti tsakanin gwiwa da ƙirji, ko kuwa ta kauce. Idan ta bi daidai an ƙirga masa ɗaya, in aka kai uku ya fita. Ƙwallon kan yi gudun kilomita 145 ko fiye a awa, ba ta cika rabin daƙiƙa a hanya. Alƙalin faranti yakan yanke irin wannan hukunci fiye da sau ɗari a wasa guda, kuma a 1996 idonsa ne kaɗai ma'auni.

Dokar wasan ta hana gardama a kan wannan hukunci. Wanda ya bar gurbinsa don ya yi musu a kai za a gargaɗe shi, in ya ci gaba a kore shi. Sai dai al'ada ta fi doka sassauci. Tun fil azal 'yan kallon besbol suna son su ga koci ya fito da gudu yana kumfar baki, yana shure ƙasa, hancinsa na kusan taɓa na alƙali. Earl Weaver, tsohon kocin Baltimore ɗin nan, an kore shi daga fili fiye da sau 90, kuma hakan bai rage masa daraja a garin ba. Iyakar da kowa ya sani ita ce: ka soki hukuncin yadda kake so, kada ka zagi mutumin, kada kuma jikinka ya taɓa nasa.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa ya lura da wani bambanci. Kora a besbol ba jan kati ba ce. Ana maye gurbin wanda aka kora da wani, ƙungiyarsa ba ta raguwa, kuma gobe zai iya dawowa ya buga. Dakatarwa hukunci ne daban, daga ofis yake fitowa. A wancan lokaci lig biyu ne, American League da National League, kowace da shugabanta, kuma shugaban ne ke hukunta 'yan wasa.

Mutanen biyu kafin daren

Ɗan wasan haifaffen Puerto Rico ne, shekararsa 28. Gidansu gidan besbol ne, mahaifinsa ya buga a babbar gasa, wansa kuma shi ne mai cafe ƙwallo na ƙungiyar Cleveland. Daga 1991 zuwa 1995 a Toronto ya yi wasa, ya ɗauki kambu tare da su a 1992 da 1993. A Disamba 1995 ya koma Baltimore kan kwantiragin shekara uku na dala miliyan 18. Ke nan filin da abin ya faru tsohon gidansa ne. Gwani ne na gaske wajen bugu da tsaron zango na biyu, ɗaya daga cikin zanguna uku da mai bugu ke bi da gudu kafin ya dawo faranti, kuma ba a san shi da rigima da alƙalai ba.

Alƙalin shekararsa 42, mazaunin jihar Ohio, ya haura shekara goma yana alƙalanci a American League. Ƙanensa ma alƙali ne a ɗaya lig ɗin. A Maris 1993 babban ɗansa ya rasu yana ɗan shekara 8, sanadin wata cutar gado da ake kira ALD. Cutar tana cinye rigar da ke lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ana gadonta ta wajen uwa, kuma yara maza ta fi yi wa illa. Ƙanen mamacin shi ma yana ɗauke da ita. Duk wanda ke harkar besbol ya san wannan.

Akwai kuma tsamin da ke tsakanin ɓangarori. Yajin aikin 'yan wasa ya sa ba a buga wasan ƙarshe na kambu ba a 1994. A farkon 1995 masu ƙungiyoyi sun hana alƙalai aiki kan rikicin albashi, sai a watan Mayu aka sa hannu kan yarjejeniyar shekara biyar, wadda a cikinta alƙalai suka amince ba za su shiga yajin aiki ba. Wannan sharaɗi zai dawo nan gaba.

Ita kuwa Baltimore, rabonta da wasannin neman kambu tun 1983. Wasa uku suka rage mata a kakar, tana fafutukar gurbi na huɗu, wanda ake ba ƙungiyar da ta fi nasara a cikin waɗanda ba su zo na ɗaya a rukuninsu ba.

27 ga Satumba: daren abin

A zagayen farko cikin tara da ake yi a wasan besbol (ana ƙarawa in an yi kunnen doki), aka jefo wa ɗan wasan wata ƙwallo, bai kai mata kulki ba, alƙalin ya ƙirga ta a ta uku. Da yawa daga waɗanda suka sake kallon hoton sun ce ta kauce wa faranti. Ɗan wasan ya yi ƙorafi, ya nufi rumfar 'yan wasa yana ci gaba da magana. Daga can ma bai yi shiru ba, sai alƙalin ya kore shi. Ya fito a fusace. Kocinsa, Davey Johnson, ya shiga tsakani yana ƙoƙarin janye shi, amma suka ci gaba da jifan juna da magana ta kafaɗar kocin. A nan ne ya tofa masa yawu a fuska.

Bayan wasa 'yan jarida suka kewaye shi. Bai ba da haƙuri ba. Ya ce alƙalin ne ya kira shi da wani mummunan suna. Sannan ya ƙara da cewa tun da ɗan alƙalin ya rasu halinsa ya canza, ya zama mai ɗacin rai.

Magana zarar bunu ce. Yawun an goge shi da hannun riga a fili, wannan kuwa ta shiga jaridu.

28 ga Satumba: hukunci da ɗaukaka ƙara

Washegari da 'yan jarida suka karanta wa alƙalin abin da aka faɗa game da ɗansa, sai ya kutsa ɗakin sauya kayan 'yan Baltimore yana ihu cewa zai kashe shi. Wani abokin aikinsa ne ya riƙe shi. Ranar bai yi alƙalanci ba.

Shugaban American League, Gene Budig, ya sanar da dakatarwar wasa biyar. Kakar besbol wasa 162 ce, biyar kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai, kuma a tsarin lokacin ana biyan ɗan wasa albashinsa ko yana dakace. Ɗan wasan ya ɗaukaka ƙara ta hannun ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa. Yarjejeniyarsu ta ce muddin ba a saurari ƙarar ba, hukunci ba ya fara aiki. Saboda haka a ranar ya shiga fili. A zagaye na goma ya buga ƙwallo ta tsallake katanga, bugun da ke ba da maki kai tsaye, Baltimore ta ci 3 da 2, ta samu gurbin da take nema.

Alƙalai da 'yan jarida suka fara tono tsofaffin hukunce-hukunce. A 1917 Babe Ruth ya naushi alƙali Brick Owens, aka dakatar da shi wasa 10 da tarar dala 100. A 1988 Pete Rose, yana kocin Cincinnati, ya ture alƙali Dave Pallone, shugaban National League Bart Giamatti ya dakatar da shi kwana 30 da tarar dala 10,000. Akwai ma wanda ya zo a juye: a 1909 alƙali Tim Hurst ya tofa wa ɗan wasa Eddie Collins yawu, kuma a kan haka ya rasa aikinsa. Masu kare Budig su ma suna da misali. A 1990 an kori Roger Clemens a tsakiyar wasan neman kambu kan zagin alƙali, aka ba shi wasa biyar, kuma sai a kakar 1991 ya yi zamansu. Al'adar da aka gada ke nan, ba a hana ɗan wasa buga wasannin kambu saboda dakatarwa irin wannan.

30 ga Satumba zuwa 4 ga Oktoba: takardar haƙuri, barazana da kotu

Abu uku aka gwada a cikin kwana biyar.

Na farko takardar ban haƙuri. Ranar Litinin 30 ga Satumba aka fitar da ita da sunan ɗan wasan, yana neman gafarar alƙalin da iyalinsa, tare da alkawarin dala 50,000 don binciken cutar ALD. Ƙungiyarsa ta ce ita ma za ta ba da kwatankwacin haka. Takardar ta zo kwana uku bayan abin, ta hannun ofis, ba baki da baki ba. Ba ta sanyaya alƙalai ba, ba ta kuma rufe bakin 'yan kallo ba.

Na biyu barazana. Ƙungiyar ƙwadago ta alƙalai, ƙarƙashin lauyanta Richie Phillips, ta ce mambobinta ba za su yi aiki a wasannin neman kambu ba sai an fara aiwatar da dakatarwar nan take. Ranar 1 ga Oktoba, a wasan farko tsakanin Baltimore da Cleveland, har an tanadi alƙalan wucin gadi. Na ainihin sun iso a makare, wasa ya ɗan yi jinkiri, suka yi aiki bisa sharaɗin za a saurari ƙarar a cikin makon. Kafin a zauna sai ɗan wasan ya janye ƙarar tasa. Janyewar ba ta hana shi komai ba, domin Budig ya tsaya kan cewa sai a farkon kakar 1997 zai yi zaman wasa biyar ɗin. Muƙaddashin kwamishinan besbol, Bud Selig, bai sauya hukuncin ba. Mai ƙungiyar Baltimore, Peter Angelos, wanda shi kansa lauya ne, ya fito ya tsaya wa ɗan wasansa, yana cewa a duba abin da alƙalin ya furta.

Na uku kotu. Lig ɗin biyu suka kai ƙarar ƙungiyar alƙalai a Filadelfiya. Ranar 4 ga Oktoba mai shari'a Edmund Ludwig na kotun tarayya ya hana su ƙaurace wa aiki, yana dogaro da sharaɗin da suka sa wa hannu a 1995. Kotu ba ta ce hukuncin wasa biyar ya yi daidai ko bai yi ba. Abin da ke gabanta shi ne kwantiragi, shi ta duba. Alƙalai suka koma fili ransu a ɓace.

A duk wannan kai-komo, ba a sanar da wani hukunci a kan alƙalin ba, ba a kuma fito da wani bincike da ya fayyace wa jama'a abin da aka faɗa a fili da wanda ya fara faɗa ba.

5 zuwa 13 ga Oktoba: wasa cikin ihu

Ranar 5 ga Oktoba a Cleveland, a wasa na huɗu, duk lokacin da ɗan wasan ya ɗauki kulki filin kan ruɗe da ihu. A zagaye na tara, saura a fitar da mai bugu ɗaya Baltimore ta sha kashi, shi ya yi bugun da ya rama. A zagaye na 12 ya sake bugawa ta tsallake katanga. Baltimore ta ci 4 da 3, ta fitar da Cleveland, ƙungiyar da wansa ke ciki. A mataki na gaba New York Yankees ta fitar da su da ci huɗu da ɗaya, aka kammala ranar 13 ga Oktoba. A New York ma ihun bai sauya ba.

Jimilla ya buga wasa tara na neman kambu da hukunci a wuyansa. Ga wani lissafi da ba a cika yi ba. Da an fara dakatarwar ranar 28 ga Satumba, da ta cinye wasa biyu na ƙarshen kaka da uku na farko da Cleveland, ta ƙare ranar 4 ga Oktoba. Bugun da ya ba Baltimore gurbi ba zai faru ba, amma wasan 5 ga Oktoba, wanda ya fi ƙona ran mutanen Cleveland, zai same shi ya riga ya gama zaman.

Kakar 1997: zaman hukunci da musabaha

Kafin kakar ta fara an yi taro tsakanin wakilan alƙalai, 'yan wasa da masu ƙungiyoyi don a tsara ƙa'idar ɗa'a. Alƙalai ba su gamsu da abin da ya fito ba, suka sanar da cewa daga yanzu za su riƙa kora ba tare da dogon haƙuri ba.

Ɗan wasan ya zauna wasa biyar na farko a watan Afrilu. Baltimore ta riƙe matsayi na ɗaya a rukuninta daga ranar farko har ta ƙarshe, ta ci wasa 98.

Ranar 22 ga Afrilu 1997, a filin Camden Yards na Baltimore, aka sa alƙalin aiki a zango na farko. Kafin a fara wasa ɗan wasan ya taka har inda yake, ya miƙa masa hannu, ya ba shi haƙuri. Suka yi musabaha a gaban dubban mutane. 'Yan kallon gida suka tafa. Daga nan alƙalin ya ce a wajensa magana ta wuce, ya roƙi mutane su bar ta.

Mutane ba su bar ta ba. A filayen waje ihu ya ci gaba da bin ɗan wasan shekara da shekaru. Su biyun ma, abin da ke tsakaninsu bai wuce an daina gaba ba. Kowa yana aikinsa, ba sa hira.

1999: tambaya a ɗakin alƙalai

A kakar 1999 ɗan wasan ya koma Cleveland, ya haɗu da wansa a ƙungiya ɗaya. Gidan alƙalin ba shi da nisa sosai da garin. A watan Mayu, da aiki ya kawo shi filin Cleveland, sai ya tambayi ma'aikacin da ke kula da ɗakin alƙalai, mutumin da ya daɗe da sani kuma ya yarda da shi, wane irin mutum ne ɗan wasan nan. Ma'aikacin ya amsa cewa yana cikin mutum biyu mafi kirki da ya taɓa sani, na biyun kuma shi alƙalin ne.

A wani wasa na wannan zuwan, alƙalin yana tsaye kusa da zango na biyu, gurbin ɗan wasan, sai ya gaishe shi. Suka fara hira a nan cikin fili. Daga baya suka zauna suka faɗi abin da ke ransu. Ɗan wasan da wansa suka shiga taimaka wa gidauniyar da iyalin alƙalin suka kafa don yaƙi da cutar ALD, da kuɗi da kayan gwanjo. Ba ofishin lig ne ya shirya wannan ba, ba lauya a ciki, ba kyamara.

A shekarar ce kuma ƙungiyar alƙalai ta yi babban kuskurenta. Tun da kotu ta nuna musu ba su da damar yajin aiki, a Yuli 1999 Phillips ya jagorance su suka miƙa takardun murabus a dunƙule don su tilasta a zauna da su. Shugabannin besbol suka karɓi murabus ɗin, alƙalai 22 suka rasa aiki. Waɗanda suka ƙi bin wannan hanya suka kafa sabuwar ƙungiya, kuma a 2000 alƙalin labarinmu ya zama shugabanta na farko. Rikicin 1999 yana da dalilai da yawa da suka shafi iko da albashi, amma ɗacin 1996 yana cikin abin da alƙalai suka riƙa ambata.

Daga 2000 zuwa yau

A 2000 aka haɗe alƙalan lig biyu wuri guda, aka mayar da hukunta 'yan wasa ƙarƙashin ofishin kwamishina, aka danƙa shi a hannun tsohon ɗan wasa Frank Robinson. A shekarar aka dakatar da Carl Everett wasa 10 kan tunkuɗe alƙali. A 2006, a ƙaramar gasa, Delmon Young ya yi jifa da kulki ya samu alƙali, aka ba shi wasa 50 ba albashi. A 2011 Yadier Molina ya bangaje alƙali, yawunsa ya fantsama masa yana ihu, aka ba shi biyar. A 2016 Bryce Harper ya dawo fili bayan an kore shi ya zagi alƙali, aka ba shi ɗaya. Alƙalai ma an fara taɓa su: a 2007 an dakatar da Mike Winters har ƙarshen kakar kan ashar da ya ɗura wa Milton Bradley. A 2017 da Ian Kinsler ya caccaki alƙali Angel Hernandez a gaban 'yan jarida aka ci shi tara kawai, alƙalai suka ɗaura farin ƙyalle a wuyan hannu don nuna ɓacin rai. An kuma rage abin gardama da na'ura: sake duba hoto ya fara a 2008, aka faɗaɗa shi a 2014, a 2025 kuma aka amince a fara ƙalubalantar hukuncin faranti da na'ura daga kakar 2026.

A Janairu 2010 aka fara kaɗa wa ɗan wasan ƙuri'ar shiga zauren gwanayen besbol da ke Cooperstown. Ana bukatar kashi 75 cikin 100, ya samu 73.7, ƙuri'a takwas suka rage. Mutane da yawa sun danganta hakan da daren Toronto. Alƙalin yana cikin waɗanda suka fito fili suka goyi bayansa. A 2011 ya shiga da kashi 90. A 2014 ɗan alƙalin na biyu ya rasu yana da shekara 27. Alƙalin ya yi ritaya bayan ya jagoranci alƙalan wasan kambu na 2016. A 2021 hukumar besbol ta haramta wa ɗan wasan duk wani aiki a harkar, bayan binciken wani zargin rashin ɗa'a da mace. Wannan batu ne daban, na kawo shi ne don kada sulhun 1999 ya zama shaidar wanke mutum gaba ɗaya.

Abin da na gani

Ban ga dalilin dakatar da ɗan wasa kan ɗaga murya ba. Alƙali yana kuskure, kuma mutumin da aka fitar da ƙwallon da ta kauce, ana saura wasa uku kaka ta ƙare, yana da haƙƙin ya yi fushi. Kora da tara sun isa wannan. Da abin ya tsaya a kora a daren 27 ga Satumba, da babu wanda zai tuna da shi.

Yawu kuwa ba gardama ba ce. Alƙali mutum ɗaya ne ko huɗu a tsakiyar 'yan wasa hamsin da 'yan kallo dubu arba'in, ba shi da abin kare kai sai yardar kowa cewa ba a taɓa shi. A ƙwallon ƙafar Ingila, da Paolo Di Canio ya ture alƙali a 1998, wasa 11 aka ba shi a kakar da lig ke buga 38. Wasa biyar cikin 162, da albashi, ya yi kaɗan ƙwarai, musamman shekara takwas kacal bayan kwana 30 na Pete Rose. Budig ya auna tofi da ma'aunin zagi, wannan shi ne kuskure na farko.

Na biyu ya fi shi girma, wato lokaci. Hukuncin da aka ɗage zuwa Afrilu bai rage wa ɗan wasan ko ƙungiyarsa komai ba, wasa 98 da suka ci shaida ne. Alƙalai sun gane haka tun ranar farko, shi ya sa ba ƙarin wasanni suka fi nacewa a kai ba, cewa suka yi a fara yanzu. Ɗaukaka ƙara haƙƙi ne, ban ce a soke shi ba. Amma abin da kyamara ta ɗauka ƙarara ana iya sauraronsa a cikin kwana ɗaya. Kuma wannan ƙofa har yanzu ba a rufe ta ba: a tsakiyar wasan kambu na 2017 an ba Yuli Gurriel wasa biyar kan wulaƙanta abokin hamayya, aka ɗage zaman zuwa farkon 2018.

Jinkirin ya cuci ɗan wasan shi ma, kuma wannan ne abin da masu kare shi ba su hanga ba. Da ya zauna a Oktoba ana gani, da mutane sun ce ya biya. Da ofis ya ƙi karɓar bashin, sai 'yan kallo suka riƙa karɓa da kansu, fili bayan fili, har zuwa ƙuri'a takwas na 2010. Su kuwa ba su da ranar da za su ce an gama.

Na uku, ba a binciki bakin alƙalin ba. Ko da ya yi zagin, bai halatta tofi ba. Amma ƙin dubawa ya bar ɗan wasan da magoya bayansa da jin cewa ɓangare ɗaya aka saurara, ya kuma bar alƙalin da zargin da ba a tabbatar ba, ba a kuma wanke ba. Hukuncin Mike Winters a 2007 ya nuna ana iya yi.

Takardar haƙuri ta kasa domin ciwon da ya fi zurfi shi ne ambaton yaron da ya rasu, kuma uba ba ya karɓar haƙurin irin wannan daga hannun sakataren watsa labarai. Musabahar 1997 ta yi rabin aiki, domin an yi ta ne a gaban jama'a, kowa na jiran ya ga an yi. Abin da ya warware shi ne shaidar mutum na uku da bai da riba a ciki, wanda alƙalin ya yarda da shi, a lokacin da zuciyarsa ta huce har ya iya yin tambayar da kansa. Wannan ba aikin hukumar wasa ba ne, ba kuma zai maye gurbin aikinta ba. Sulhun ya gyara tsakanin mutum biyu, bai mayar wa sauran alƙalai abin da suka rasa a Oktoba 1996 ba.

Da ni ke kan kujerar Budig da safiyar 28 ga Satumba, da na kira mutanen biyu da Davey Johnson, wanda ke tsakaninsu lokacin da aka yi, na saurari kowa kafin a buɗe fili. Da na ba ɗan wasan wasa 20, su fara a ranar, su haɗa da na neman kambu, in ƙungiyar 'yan wasa ta ƙalubalanta a yi shari'ar a makon. Idan kuma ta tabbata alƙalin ya yi zagin, da shi ma na cire shi daga jerin waɗanda za su yi aiki a watan Oktoba.